Wa Zai Nuna wa Mai Jinya Ƙofar Taimako?



Idan ciwo ya kwantar da mutum ɗaya, gida guda ya kwantar. Ku leƙa barandar asibiti da dare, za ku tarar da mai jinya bisa tabarma, ga buta ga kwanon sha, takardar magani na ƙulle a bakin zanenta don kuɗin bai cika ba. Ta baro yara a ƙauye, an sayar da akuya, hatsi ya kusa ƙarewa. Likita zai yi nasa ya ba da sallama, amma gidan da za a koma ya fi da talauci. Shi ya sa yaron da ya warke daga tamowa kan dawo da ita, tunda yunwar da ta kawo shi tana nan tana jiransa.

Abin takaicin shi ne taimako akwai shi. Tun 2007 Jigawa ta fara biyan naƙasassu alawus, a lokacin naira 7,000 ne a wata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, ga kuma hukumar JICHMA da ke yi wa marasa galihu rajistar inshora. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse ya daɗe yana tara hatsi da dabbobi yana raba wa mabuƙata. Sai dai kowanne ƙofarsa daban, matar da ba ta karatu kuwa, ga mara lafiya a hannu, ba za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Don haka nake cewa a Babban Asibitin Dutse da Asibitin Rasheed Shekoni a ƙarfafa teburin jami'in walwala, ya zauna da iyali tun ranar ba da gado, ya cike musu takarda, ya kira ofishin da ya dace, ya kuma bi sawu bayan sallama.

Za a ce asibiti na fama da ƙarancin likitoci, ina shi ina wannan? Ai gadon da mara lafiya ya sake dawowa ya kwanta ya fi albashin jami'i ɗaya tsada, kuma aikin yanzu ma nas-nas ke yinsa daga aljihunsu. Wasu za su ce zumunci ya wadatar. Zumunci na nan, Allah ya ƙara shi, amma dangin talaka yawanci talakawa ne, karo-karonsu ba ya ɗaukar jinyar wata uku. Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne tsoron son kai, kada abin ya koma na ɗan wane. Maganinsa rubutacciyar ƙa'ida, da rajistar da masarauta da Ma'aikatar Lafiya za su riƙa dubawa, tare da rufa asirin mai karɓa, domin da yawa kunya ke hana su tambaya.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya da ta Harkokin Mata da kwamitin zakka su zauna su fitar da takardar turawa guda ɗaya da kowannensu zai amince da ita.