Dama ko Hagu: Zaɓen Kujera a Jirgin Sama

Da yawa daga cikin masu tafiya a jirgin sama sukan roƙi a ba su kujerar bakin taga, amma kaɗan ne ke tambayar ko ta dama ce ko ta hagu. Alhali kuwa jirgi idan ya kai tsayin mita 11,000, idon mutum yana iya kaiwa nisan kilomita kusan 370, kuma kowane ɓangare da irin duniyar da yake nunawa. Wani ya sauka yana ba da labarin duwatsu da koguna, wanda suka shiga jirgi tare kuwa bai ga komai ba sai hasken da ya kashe masa ido.

Abin da ya kamata matafiyi ya fara tambaya shi ne inda rana za ta kasance. Ƙasa takan fito sarai ne idan rana tana bayan mai kallo. In kuwa tana fuskantarsa, sai gilashin taga ya ɗauki ƙyalli, ƙurar da ke cikin iska ta zama farin labule. Saboda haka wanda ya nufi arewa da safe, rana tana damansa, hagu ne wurin kallo. Da yamma kuwa lissafin ya juya.

Sai dai duwatsu ba sa bin wannan ƙa'ida. Alal misali, wanda ya tashi daga Abuja da hantsi zuwa London, bisa miƙaƙƙiyar hanya, duwatsun Azbin na ƙasar Nijar za su kasance a damansa, watau can inda rana take. To, a nan sai mutum ya zaɓa: ko ya jure hasken don ya ga baƙaƙen tsaunukan da ayarin gishiri ke tasowa daga gindinsu zuwa Bilma, ko ya zauna a inuwa ya more kallon rairayin Sahara. Ga wanda bai taɓa ganin Azbin ba, jure hasken ya fi, domin rairayi ba ya ƙarewa a wannan hanya, duwatsun kuwa cikin 'yan mintoci ake wuce su.

A wasu hanyoyin babu wata muhawara. Daga Nairobi zuwa Johannesburg, dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 yana hagu, a dawowa kuma yana dama. Daga Delhi zuwa Kathmandu, hagu ne ke fuskantar jerin tsaunukan Himalaya.

Kallon da ya fi ratsa zuciya watakila shi ne na maniyyaci da ya tashi daga Kano ya nufi Jidda. Miƙaƙƙiyar hanya tana ratsa yankin Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Ruwan da ke zaune duk shekara yana can kudu, inda kogin Shari ke zuba, watau a hannun dama. A hagu kuwa ƙasa ce mai ɗauke da shatar tsohuwar gaɓa. Amma a tuna, hanyar jirgi ba tabbatacciya ba ce. A 2023 an rufe sararin samaniyar Sudan saboda yaƙi, Nijar ma ta rufe nata na wani lokaci bayan juyin mulki, jirage suka riƙa zagaye.

Kujerar taga ta hagu harafin A take ɗauke da shi. Ta dama kuwa F ce a yawancin ƙananan jirage, K a yawancin manya. A guji tsakiyar jirgi, inda fiffike ke rufe rabin ƙasa. A lokacin hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya lulluɓe yankin Sahel, dama da hagu duk ɗaya ne.