Maganin Ciyawa Mai Zaɓe: Jawabin Malamin Gona Ga Manoma Da Makiyayan Maska

An shawarci manoma da makiyaya na ƙasar Maska da kewaye da su daina sayen maganin ciyawa da ka, su kuma riƙa karanta takardar da ke jikin kwalba kafin su zuba shi cikin injin feshi. Wani malamin gona ne ya ba da wannan shawara cikin jawabin da ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na garin Maska, a Ƙaramar Hukumar Funtuwa, gab da faɗuwar damina. Ga abin da jawabin ya ƙunsa, don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bayan sallama da gaisuwa, malamin ya tuna wa dattawan da ke wurin cewa tun daga shekarar 1975, lokacin da aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa tare da taimakon Bankin Duniya, noman masara ya kankama a wannan yanki, daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har zuwa Malumfashi da Ƙafur. Gonaki sun faɗaɗa, taki ya shigo, amma ciyawa ma taki take ci. Ya ce kowa ya san yadda 'yan ƙwadago suke yin wuya da tsada a lokacin noman farko, don a mako guda kowa yake nemansu. Wannan shi ya sa manoma suka rungumi feshi. To amma feshi yana da ƙa'ida, wanda ya bar ta kuwa, da kuɗinsa zai sayo wa kansa hasara.

Magani Iri Biyu Ne

Malamin ya bayyana cewa maganin ciyawa ya kasu gida biyu. Na farko shi ne mai kashe duk wani kore da ya taɓa, ba ruwansa da shuka ko ciyawa, kamar glyphosate. Irin wannan ana fesa shi ne kafin a yi shuka, musamman a gonar da tofa ko kiri-kiri suka kama. Na biyu shi ne mai zaɓe, wanda yake kashe wani jinsin tsiro ya bar wani. Ya ce a kan wannan na biyun jawabinsa zai tsaya, don a nan ne aka fi yin kuskure.

Ya ce kafin mutum ya gane mai zaɓe, sai ya gane cewa tsirrai ma gida biyu ne. Akwai masu siririn ganye, wato dangin ciyawa, irin su masara, dawa, gero, shinkafa, rake, gamba, kyasuwa da harƙiya. Akwai kuma masu faɗin ganye, irin su auduga, wake, gyaɗa, waken soya, tumatir, kuɓewa, tafasa, rai-ɗore da ƙashin yawo. Magani bai san amfanin gona ba, bai san ciyawa ba, jinsi kawai ya sani. Saboda haka maganin da yake kashe tafasa ya bar masara, haka zai kashe wake idan ya tarar da shi a gindin masarar.

Daga nan sai ya ɗaga wata kwalba ya nuna wa ɗalibai inda aka rubuta 2,4-D. Ya ce wannan yana cikin tsofaffin magunguna masu zaɓe a duniya, don tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen shekarar 1946, ya bazu a gonakin Amurka da Ingila. Yadda yake aiki kuwa shi ne, yana shiga jikin tsiro mai faɗin ganye ya ruɗe shi, sai ya dinga girma ba tsari, kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, har ya gaji ya mutu. Wannan yakan ɗauki mako guda zuwa uku. Ya ja kunnen masu gaggawa, waɗanda idan suka koma gona kashegari ba su ga ciyawa ta ƙone ba sai su ce magani jabu ne, su sake fesawa. Ya ce feshi na biyun nan shi ke illata shukar.

A gonar masara da dawa, in ji shi, ana fesa 2,4-D ne tun shuka ba ta kai gwiwa ba. Idan aka bari ta girma, kara yakan yi gautsi, iska kaɗan sai ya karye. Yana kuma kashe wuta-wuta da ta fito, in an same ta kafin ta yi fure, abin da zai rage irin da za ta zubar, don ƙwaya guda ta wuta-wuta tana iya zubar da iri dubun dubata, kuma irin yakan yi fiye da shekara goma a ƙasa bai mutu ba. Akwai kuma nicosulfuron, wanda yake kashe ciyawa mai siririn ganye a cikin masara. Amma ya yi gargaɗi da cewa dawa ba ta jure shi, don haka wanda ya surka masara da dawa a gona guda ya nisance shi. Masu shinkafa kuwa suna da nasu, wato propanil.

Makiyaya Da Filayen Ciyawa

Da ya juyo kan makiyaya, malamin ya tambayi jama'a ko sun lura da yadda tafasa da rai-ɗore da ƙashin yawo suka cinye burtali da wuraren kiwo da yawa, inda a da gamba da kyasuwa suke kai wa mutum ƙirji. Ya ce dalili a fili yake. Idan dabbobi suka yi wa wuri yawa, suna cinye ciyawa mai kyau tun ba ta zubar da iri ba, su bar wadda ba sa so ta yi 'ya'ya. Shekara kaɗan sai wadda ba a so ta gaje filin. Ya ce a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar haka garmani ya mamaye makiyaya da hanyoyin shanu masu yawa. 'Ya'yan rai-ɗore kuwa guba ne ga dabba idan ta ci da yawa.

A irin wannan wuri, in ji shi, 2,4-D yana da amfani, don zai kashe masu faɗin ganye ya bar gamba da kyasuwa. Haka kuma a filin ƙwallo na makaranta ko harabar asibiti inda aka dasa kiri-kiri, zai cire baƙin tsirrai ya bar shimfiɗar ciyawar. Sai dai ya kawo sharuɗɗa huɗu. Na farko, a yi feshin a farkon damina, lokacin da tsiron yake ƙarami yana cikin girma, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, wanda ya shuka wake ko lablab don harawa a cikin filin kada ya fesa, don zai rasa su. Na uku, a hana dabbobi shiga har kwanakin da takardar maganin ta faɗa su cika, kuma har ganyen da aka fesa ya bushe sarai. Ya ce tsiro mai guba da dabba take ƙyama, idan ya fara yaushi bayan feshi, sai ka ga tana ci. Na huɗu, bayan tsiron ya mutu a watsa irin gamba ko kyasuwa a wuraren da suka yi sanƙo, a kuma hutar da filin. Idan ba a yi haka ba, baɗi tafasa ce za ta sake fitowa, an yi aikin baban giwa. Ya ce masu son ingantaccen irin ciyawar kiwo suna iya neman shawara ta hannun malaman gona na Hukumar KTARDA, ko a Cibiyar Binciken Dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya.

Ya ƙara da cewa makiyaya ta jama'a ba gonar mutum guda ba ce. Kada wani ya ɗauki injinsa ya je ya fesa ba tare da sanin mai unguwa da dagaci da arɗo ba. A yi shela, a kafa alama da jan ƙyalle. Ya tuna wa maza cewa mata da yara suna tsinkar tafasa da lalo da rama a bakin gonaki don kwaɗo da miya, saboda haka duk wanda ya yi feshi wajibi ne ya faɗa a gida, ya kuma faɗa wa maƙwabta.

Haƙƙin Maƙwabci

Malamin ya daɗe a kan wannan batu. Ya ce ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, fadamun Maska kuma ga tumatir, kuma da wuya a sami shukar da 2,4-D yake yi wa lahani kamar waɗannan biyu. Ɗan feshin da iska ta kwasa ya isa ya sa ganyen auduga ya tsuke ya yi tsini kamar yatsu. Ya ba da labarin wani manomi da ya fesa wa masararsa maganin, ya ɗauraye injin sau ɗaya, kashegari ya ara wa ƙaninsa ya fesa maganin ƙwari a gonar auduga. Bayan mako biyu auduga ta nannaɗe daga wannan kunya zuwa waccan, magana ta kai gaban dagaci, zumunci ya yi tsami. Ya ce babu wanda ya yi mugun nufi a cikinsu, rashin sani ne.

Don haka ya ba da shawarar cewa mai hali ya ware inji guda don maganin ciyawa kawai, ya yi masa alama da fenti. Wanda ba shi da hali ya wanke tanki da tiyo da bakin injin da sabulun gari, ya bar ruwan ya kwana a ciki, sa'an nan ya ɗauraye sau uku. A yi feshi da safe bayan raɓa ta ɗauke, lokacin da iska take kwance. Kada a yi da tsakar rana, kada a yi idan hadari ya haɗu, don ruwa zai wanke maganin. A riƙe bakin injin ƙasa-ƙasa, a kuma bar tazara tsakanin inda ake feshi da iyakar maƙwabci.

Yadda Ake Awo

A nan sai malamin ya tashi ya je bakin allo. Ya ce a auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a zuba ruwa zalla a inji, a fesa shi da irin tafiyar da aka saba, sa'an nan a duba ruwan da ya tafi. Hekta guda, wato kimanin eka biyu da rabi, tana ɗauke da irin wannan fili guda 100. Idan lita 2 ta tafi, ke nan hekta za ta ci lita 200. Mai inji na lita 20 zai yi goyo 10. Idan takarda ta ce lita 1 ta magani ga hekta guda, sai a raba ta gida 10, kowane goyo ya sami mililita 100. Mai inji na lita 16 kuwa mililita 80 zai zuba. Ya sa ɗalibai uku suka fito suka yi lissafin da kansu. Ya ce a nemi kofin awo mai lamba, a bar awo da gwangwani ko murfin kwalba, a kuma yi amfani da ruwa mai tsabta.

Kare Lafiya

Malamin ya nuna wa ɗalibai zanen launi da ke ƙasan takardar magani. Ja alama ce ta guba mai tsanani, rawaya na biye, sa'an nan shuɗi, sai kore wanda ya fi sauƙi. Ya ce ko mai koren ba abin wasa ba ne. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci da baki. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana feshi, kada kuma ya busa bakin inji da bakinsa idan ya toshe. In ya gama ya yi wanka da sabulu, ya wanke kayan daban. Ba a ba yaro ko mace mai ciki aikin feshi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin inji, a huda ta, kada a zuba mata man gyaɗa ko ruwan sha. Ba a wanke inji a bakin rijiya ko rafi ko mashaya. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Ya kuma sanar da jama'a cewa a shekarar 2023 Hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar haramta paraquat daga ranar 1 ga Janairu, 2024, da kuma atrazine daga ranar 1 ga Janairu, 2025. Ya ce ƙasashen Tarayyar Turai sun janye izinin atrazine tun 2004 saboda yana gangarawa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma da su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, su kuma guji maganin da aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa ba takarda.

Tambayoyi

Wani dattijo ya tambaya ko ƙara yawan magani yana sa ciyawa ta mutu da sauri. Malamin ya amsa cewa ƙari yana ƙona shuka ya cinye kuɗi, ragi kuma yana barin ciyawa da rai har ta saba da maganin, don haka a tsaya kan abin da takarda ta faɗa. Wani makiyayi kuma ya tambaya ko za a iya tsabtace burtali ba tare da magani ba. Malamin ya ce ƙwarai kuwa, idan jama'a suka yi gayya suka tuge tafasa da rai-ɗore kafin su yi 'ya'ya, shekara biyu ko uku a jere, za su ga bambanci, kuma fartanya ba ta taɓa ƙona audugar maƙwabci ba.

A ƙarshe malamin ya ce duk abin da ya faɗa yana rubuce a jikin kwalba, amma sai mai karatu yake ganinsa. Ya roƙi ɗaliban da kada su bar aji saboda aikin damina, kuma kowa ya jawo maƙwabcinsa na gona. Malamin ajin ya nemi kowane ɗalibi ya kwafo sunan maganin da ke gidansa da ranar lalacewarsa a littafinsa, ya zo da shi darasi na gaba. Limamin unguwa ya rufe taron da addu'ar Allah Ya ba da damina mai albarka.