Watannin Ƙarshe a Alƙahira: Shirin Komawa Gida

Laccar da aka gabatar a gaban ɗaliban Nijeriya masu kammala karatu a Masar

 

An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibi zai riƙe ƙarfin gwiwarsa idan zamansa a ƙasar waje ya zo ƙarshe. Da yawanku kun shigo Masar da ƙuruciya, wasu tun daga ma'ahad suka fara. A nan kuka koyi girki da riƙon kuɗi, a nan kuka yi jinyar junanku babu uwa babu uba. Don haka idan ɗayanku ya ce mini ƙirjinsa na nauyi duk sanda ya tuna saura 'yan watanni ya bar Madinatul Bu'us ko Hayyul Ashir, ba zan zarge shi da rashin kishin ƙasa ba. Ga kuma labarin gida. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a kasuwa a watan Yuni, kun ga abin da ya sami kuɗin da iyaye ke turo muku. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuwa 77,000. Wanda ya ji tsoro yana da dalili.

Sai dai na lura cewa mafi yawan fargabar nan tana zuwa ne daga rashin sanin inda za a sa ƙafa idan an sauka daga jirgi. Ɗalibin da ya san ofishin da zai fara zuwa, da takardar da zai riƙa, da wanda zai kira, barcinsa ya fi na ɗan'uwansa daɗi, ko da aljihunsu ɗaya ne. Kyakkyawan zato ga Allah wajibi ne a kanmu, kuma yana ƙara zama daram a zuciyar wanda ya yi abin da ke wuyansa.

Ku tuna 'yan'uwanku na Sudan. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi. Ɗaliban Jami'ar Afirka da sauran jami'o'i suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, suka yi kwanaki a kan iyakar Arƙin kafin a bar su su shigo Masar, daga Aswan aka fara kwashe su a farkon Mayu. Akwai waɗanda saura musu jarrabawa ɗaya. Akwai waɗanda suka gama amma shahada ba ta fito ba. Ku Allah ya ba ku abin da su ba su samu ba, wato lokacin yin sallama da tattara kaya a tsanake. Wannan ni'ima ce, kada ta ƙare a zaman jimami.

Bari in tsaya a kan takardu, domin a nan ne na fi ganin hawayen waɗanda suka koma. Da sanyin safiya ake kama fara. Kada kowa ya hau jirgi sai shahadarsa da takardar sakamakon kowace shekara suna hannunsa, an buga musu hatimin jami'a da na Ma'aikatar Harkokin Wajen Masar, an kai su ofishin jakadancinmu. Abin da yake da Larabci a fassara shi zuwa Ingilishi ta hanyar da hukuma ta yarda da ita. Aikin da za ka gama da ƙafarka cikin mako biyu a nan, idan ka koma Gusau ko Azare zai iya cinye maka shekara kana roƙon wani ya je maka. Tsohon fasfo kuma, ko ya yage, a adana shi tare da iƙamar da ke ciki, wato izinin zama. Hukumar bautar ƙasa tana duba ranar da ka fita Nijeriya da ranar da ka koma, ta kuma nemi takardar tantancewa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, tare da sakamakon sakandare. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar ɗauke nauyi za a ba shi, ita ma sai ya nema.

Masu karatun likita, kun san jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN na jiran ku kafin a yi muku rajista ku shiga shekarar horo a asibiti. Ba kowa ke tsallake ta a zama ɗaya ba, kuma dalili a fili yake: a nan ba ku saba ganin zazzaɓin cizon sauro da sikila da tamowa yadda za ku gan su a Kano ko Sakkwato ba. Ku fara karatunta yanzu, rukuni-rukuni. Wanda ya karanci lauya zai fara da sashe na farko na Makarantar Horon Lauyoyi a Bwari. Mai son koyarwa kuma ya shirya yin difloma a fannin ilimi da rajistar malamai.

Sai maganar gida, wadda ta fi takardu wuyar sha'ani. A unguwa ana ganin duk wanda ya sauko daga jirgi da dala ya sauko. Gwaggo na jiran tsaraba, ƙane na jiran waya, wani kawu ya riga ya zaɓa maka mata. Na ga samarin da suka ci bashi don kada a ce sun koma hannu rabbana, suka shekara suna biya. Ku kira iyayenku tun yanzu ku gaya musu gaskiya: shekarar farko ta bautar ƙasa ce da neman madafa, kuɗi ba za su shigo da wuri ba. Mahaifin da ya sayar da gona ya turo ka karatu zai fahimta, in dai daga bakinka ya ji. 'Ya'yana mata, ku ma ku yi wannan magana da wuri, da iyaye da kuma mai neman aure, a san cewa za ku yi aiki da abin da kuka karanta. Matan karkararmu da yawa sun gwammace su haƙura da ciwo da su kwanta a gaban likita namiji. Masu karatun likita a cikinku, ana jiran ku.

Waɗanda suka riga mu ma ba kujera suka tarar tana jira ba. Malam Aminu Kano ya tafi Landan karatun koyarwa a 1946. Da ya dawo aji ya koma, a Bauci, kuma a 1948 ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, tunanin da ya taso da shi tun yana can. Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, ya koma koyarwa a Kano, sai a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Abin da nake so ku gani shi ne tazarar da ke tsakanin komawa da ɗaukaka, da irin aikin da suka cike ta da shi.

Wani zai ce shi zama zai yi a Masar. Wannan ba laifi ba ne. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi, a wannan birni ya zauna ya yi rubutu har ya rasu a 1741. In ka sami gurbin digiri na biyu da iƙama mai kyau da abin da za ka ci, zauna da albarka. Abin da nake roƙonku da girman Allah shi ne kada kunyar komawa ta sa wani ya zauna babu takarda yana ɓuya, ko ya bi dillalan da ke tura yara Libiya da teku. Iyaye mata da yawa har yau ba su san inda kabarin 'ya'yansu yake ba.

Ku da kuka karanci Shari'a da Usuluddin da Lugga, na san ku ne kuka fi jin ana cewa ina aikin yake. Ƙofofin sun fi yadda ake zato. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma duk suna bukatar wanda ya san fiƙihun mu'amala ya kuma iya karanta lissafin banki. Akwai kotunan shari'a, da aikin fassara, da aikin hajji, da sassan Larabci a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Amma kusan kowace ƙofa a cikinsu tana neman Ingilishi mai kyau da iya kwamfuta. Watannin da suka rage sun isa mutum ya gyara wannan gibi sosai. Ku kuma zauna a halƙoƙin masallacin Azhar ku ƙarasa littafin da kuka fara, ku karɓi ijaza, ku zaga Darbul Atrak ku sayi littattafan da samunsu zai yi wuya a gida. In nauyin kaya ya yi yawa, a rage tufafi.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabannin ɗalibai. Kafin wannan rukuni ya watse, a rubuta sunan kowa da jiharsa da fanninsa, a haɗa shi da wani da ya koma shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda zai nuna masa ofis ya kuma sauke shi in ya je Abuja. Kowane mai tafiya kuma ya rubuta matakan da ya bi wajen karɓar takardunsa, da kuɗin da ya kashe, ya bar wa na baya. A fara tattara sunayen yau, kafin a tashi daga zauren nan.