Wace Makaranta Za Mu Kai 'Ya'yanmu?



Mu manoma ne. Daga Bichi har Dambatta gonaki sun haɗe da juna, babu sauran dajin da za a sare. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau 'ya'ya da jikoki ke rabonta. Gadon da ba ya raguwa in an raba shi ne ilimi. Saboda haka kada mu bar zaɓen makaranta ga sa'a.

Yawancinmu mukan kai yaro makarantar da ta fi kusa, shi ke nan. Amma akwai waɗansu ƙofofi. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, domin jihar ta sami likitoci da injiniyoyi na kanta. Da jarrabawa ake shiga, bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Ga 'yan mata kuma akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a Minjibir, wadda ake shiga da jarrabawar da hukumar NECO ke shirya wa 'yan aji shida na firamare. Wanda bai zauna jarrabawa ba, ba shi da bakin cewa an hana shi.

Mun san abin da ke faɗar da gaban iyaye: in yaro ya tafi makarantar kwana, yaya bangaskiyarsa? Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Kafin mu ajiye yaro, mu ga shugaban makaranta cikin ladabi, mu tambaya ko akwai malamin addinin Kirista da wurin sujada ran Lahadi.

Ga roƙonmu. Kowace ikilisiya ta sa mutum ɗaya ya riƙa bin lokacin fitowar fom. Matasanmu da suka yi karatu su koyar da lissafi da Turanci da yamma a majami'a, musamman da rani. Iyaye su nemi takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri. Mata zumunta su yi adashe domin kuɗin jarrabawa, kada a bar 'ya mace a baya.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu duk inda suka je. Amin.