A Cire Ko A Gyara? Yadda Likita Ke Yanke Wa Haƙori Hukunci

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, likitan haƙori, ya gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara.



Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana bana, sharaɗi biyu ya gindaya mini: kada in wuce minti 20, kuma kada in cika ku da Turanci. Ban sha wahalar zaɓen abin da zan faɗa ba, domin tun shigowata harabar nan mutum uku suka ja ni gefe, kowa ya wage mini baki. Tambayarsu ita ce wadda nake sha kullum a wurin aiki: "Likita, wannan haƙorin cire shi za a yi, ko zai gyaru?"

Haƙori dai ba dutse ba ne. A tsakiyarsa akwai ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, wanda ya gangara ta cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi saiwa ɗaya gare su, matauna na ƙasa biyu, na sama uku. Abin da ke huda haƙori kuwa ba tsutsa ba ce, ko da mai magani a kasuwar Sabon Gari ya nuna muku ita a faranti. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin zaƙin da ya maƙale a baki, suna fitar da tsami mai zaizaye haƙorin. Mu kuwa mutanen Zazzau, ƙasar rake da mazarƙwaila, ba mu taɓa barin su da yunwa ba.

Da fari sai mutum ya ji tsam in ya sha ruwan sanyi. Daga nan sai zogi mai hana barci. Ran nan kuma sai ciwon ya ɗauke ɗif, mutum ya ce maganin da ya sa ne ya yi aiki. To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sun samu ɗaki ba mai gadi, sai su gangara ƙarshen saiwa su tara mugunya a cikin ƙashi, wani lokaci har ɗan ƙurji ya ɓullo a dasashi. Da yake jini ya daina shiga cikin wannan haƙori, duk Ampiclox da Flagyl ɗin da za a sayo a kemis ba za su kai can ba. Kumburin ya sabe, bayan 'yan watanni ya dawo.

Hanya biyu ce kawai ke kawar da cutar. Ko dai a cire haƙorin ɗungurungum, ko a yi masa wankin saiwa. A wankin saiwa, bayan allurar kashe zafi, mukan huda haƙorin ta sama, mu bi kowace saiwa da 'yan ƙarafa sirara kamar allura, mu kwashe ruɓaɓɓiyar jijiya, mu wanke da magani, mu toshe ramin da wani irin danko, sannan a yi ciko. In matauni ne, sau da yawa sai an sa masa hula don kada ya dare. Aikin yakan ɗauki zuwa ɗaya zuwa uku, kuma ƙashin da ya zaizaye yakan cike da kansa cikin watanni.

Bari in ba ku labarin mutum biyu da suka zo mini a mako guda. Na farko wani tela ne daga Muciya, ya shigo riƙe da kunci, kwana uku bai runtsa ba. Tun daga bakin ƙofa yake cewa, "Likita, don Allah fizge shi in huta." Na duba, na ɗauki hoto. Kogon ya kai jijiya, akwai mugunya a ƙarshen saiwa, amma bangon haƙorin na nan da ƙwarinsa ta kowane gefe, ƙashin da ke riƙe da shi bai ja baya ba, ba ya kuma girgiɗi. Na ce, "Malam, wannan ba na cirewa ba ne." Da ƙyar ya yarda. Ta biyu wata malamar makaranta ce daga Samaru, ba ta jin ciwon komai, ciko kawai ta zo a yi mata. Da na duba sai na tarar haƙorin ya ruɓe har ƙasan dasashi, saiwar kuma ta tsage a tsaye. Dole aka cire. Ta fita tana mamakin yadda za a raba ta da haƙorin da bai dame ta ba.

Kun ga ke nan ba yawan zogi ke yanke hukunci ba. Abin da muke fara aunawa shi ne abin da ya rage na haƙorin. Muna son a samu lafiyayyen bango, ko da na milimita 2 ne, a saman dasashi, wanda hula za ta kama. Maginin kirki ba ya ɗora rufi a kan katangar da ta jiƙe. Sai saiwa: in ta tsage a tsaye, ba ta da magani. Sai ƙashi: in ciwon dasashi ya cinye shi har haƙorin na rawa, wankin saiwa asarar kuɗi ce. Muna kuma duba amfanin haƙorin. Na can ƙuryar baki da ke fitowa bayan an balaga, in ya ruɓe, ba kasafai muke wahalar ceto shi ba. Amma matauni na farko, wanda ke fitowa yaro na ɗan shekara 6, shi ne ginshiƙin tauna. Iyaye da yawa na ɗaukarsa haƙorin nono ne da zai fita ya famfara, sai su ƙyale shi ya lalace, alhali ba wani a bayansa.

Mu ma likitoci mun taɓa yin kuskure a kan wannan. A shekarar 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a birnin Montreal na ƙasar Kanada, inda ya ɗora alhakin cututtukan jiki da dama a kan ruɓaɓɓun haƙora. Maganar ta karɓu, har aka shafe shekaru a Turai da Amurka ana zubar wa mutane haƙora, wasu ma lafiyayyu, da sunan maganin ciwon gaɓoɓi. Sai da bincike ya nuna marasa lafiyar ba su warke ba, sannan aka dawo ga gyara.

Saura mai haƙorin kansa. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai matsalar zuciya, dole ya gaya mana kafin a taɓa shi. Ga kuma maganar aljihu, wadda ba zan ɓoye muku ba: wankin saiwa da hula sun ninka kuɗin cirewa sau da yawa. In na fahimci mutum ba zai iya dawowa a ƙarasa aikin ba, a ra'ayina gara in cire masa da in bar shi da aikin rabi, wanda zai sake ruɓewa. Sai dai cirewar ma tana da bashin da ake biya daga baya. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan kwanto, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya shanye. Haƙorin roba, ko wanda ake dasawa da ƙarfe a cikin ƙashi, wani sabon kashe kuɗi ne, kuma ba wanda ya kai na halitta daɗin tauna.

Akwai lokacin da ba a tsayawa wannan muhawara. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko ya hau har ido ya rufe, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, to rai ne ke cikin haɗari, domin kumburin na iya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana wannan tun 1836, kuma har yau yana kashe mutane. A wuce da mara lafiya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Mu nan mun yi dace, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, ba shi da nisa daga Samaru.

Ina kuma roƙonku, a daina ɗiga ruwan batir a kogon haƙori, a daina danna asfirin a kan dasashi. Ƙona nama kawai suke yi. Kanumfari kam yana rage zogi na ɗan lokaci, har mu ma muna amfani da mansa, amma a ɗauke shi a matsayin abin da zai kai mutum safiya ya tafi asibiti. In likita ya ce a cire, ku nemi ya nuna muku hoton, ya gaya muku wanne ne ya gaza, bango ko saiwa ko ƙashi. In ya ce a gyara, ku tambayi zuwa nawa ne, da kuɗin aikin duka har da na hula, tun ba a fara ba.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Mutum ukun da suka tare ni ɗazu, su same ni bayan an tashi, amma kafin a ci abinci.