Ci-ranin farko: tsakanin tsoro da shiri

Kowace shekara, da zarar hatsi ya shiga rumbu, samarin Dogon Dutsi, Matankari da Tibiri sukan ɗaure kaya, wasu zuwa Yamai, wasu Sakkwato, Ikko ko Kwatano. Wanda bai taɓa fita shi kaɗai ba yakan tsorata, kuma da dalili: ga shingen jandarma da ƴan duwan, ga ɓarayin tasha, ga garin da bai san kowa ba.

Maganin wannan tsoro shi ne shiri. Kafin ya hau mota, ya tanadi katin ɗan ƙasa, domin marar takarda ake fara saukewa a shinge. Ya raba guzurinsa biyu, ya ware kuɗin komowa, ya riƙe sunan mai masauki cikin Arawan da suka riga shi.

Ya kuma tambayi halin iyaka. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta buɗe hanya, amma Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a 2025. Matambayi ba ya ɓata.

Ma'aikacin da ke jinkirta wa talaka takarda kuwa, shi ke tura shi hanyar daji. Allah ya kiyaye hanya.