Kasuwar Da Ba Ta Da Rumfa



An nemi in yi magana a kan matsayin mata a duniya. Ni kuwa daga Tafashiya ta ƙasar Kankiya zan fara, domin can na buɗe ido.

Baƙon da ya ratsa garinmu da hantsi zai zaci maza kaɗai ke nema, tun da su ya gani a gona da bakin hanya. Da zai wuce zaure, da ya tarar da wata kasuwa tana ci: wannan na matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, waccan na dafa kalwa don daddawa, wata na kirɓa fura. Akwai ma mai sayen gero da kaka ta adana, ta auna wa maƙwabta da damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Wata Baturiya, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, a 1969 kuma ta rubuta cewa ciniki mai yawa a cikin gidaje mata ke yinsa, yara na kai da kawowa. Abin kunya, sai da baƙuwa ta faɗa kana muka ɗauke shi ilmi.

Duniya ta yaba wa Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda bankinsa na Grameen ya riƙa ba matan karkara ƙananan rance, har ya sami lambar Nobel a 2006. Lalle ya cancanta. Amma iyayenmu mata sun daɗe suna zubin adashi, ba takarda ba sa hannu, amana kaɗai.

Sai dai, jama'a, kasuwar nan akwai mai biyan kuɗinta, kuma ba mu ba ne. Matar da ke kulle 'yarta ce ƙafarta. Ran da za a kai ni makarantar kwana, da kuɗin ƙuli-ƙulin Inna aka saya mini akwati da sabulu, ƙanwata kuwa ita ta yi tallansa. Tun 1976 gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowane yaro. Ita ma an rubuta sunanta, amma a aji huɗu ta tsaya. Ku da za ku riƙe ofisoshin ilmi gobe, kafin ku rubuta cewa iyaye ba su son boko, ku tambaya: in yarinyar ta tafi aji, wa zai ɗauki farantin?

Har yau in na je hutu, ita ke lissafa wa Inna riba da ka, tun kafin in lalubo alƙalamina.